Jami'in gwamnati ya yi rantsuwar ƙarya a kotu, wa zai hukunta shi?

Tambaya: Barista, barka da ƙoƙari. An sallame ni daga aiki a wata hukumar gwamnati, na kai ƙara kotu. A cikin amsar da suka shigar, wani jami'i ya yi rantsuwa cewa an ba ni takardar tuhuma, kuma na bayyana gaban kwamitin ladabtarwa kafin a kore ni. Wallahi ko ɗaya bai faru ba. Shin doka tana da abin da za ta yi wa mutumin nan shi kansa, ko kuwa rigar gwamnati ta rufe shi?

Amsa: Malam, Allah ya fid da kai. Rigar gwamnati ba ta rufe shi ba. Sashe na 308 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 kujeru huɗu kawai ya ba kariya daga gurfana a kotu: shugaban ƙasa da mataimakinsa, gwamna da mataimakinsa, su ma muddin suna kan mulki. Minista, kwamishina, babban sakatare, darakta, duk babu su a ciki. Shaidar zur kuwa babban laifi ce. A Finalkod, wato kundin dokar laifuka da Arewa ke aiki da shi tun 1960, sashe na 156 ya fayyace ba da shaidar ƙarya, na 157 ya yi magana kan ƙirƙirar hujjar ƙarya, na 158 kuma ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 14 haɗe da tara idan a cikin shari'a aka aikata. Dokar laifuka ta Kudu ma shekara 14 ta yanka. Wasu jihohi, kamar Kaduna a 2017, sun sabunta kundinsu har lambobin sassa sun canja, amma laifin yana nan daram. Takardar rantsuwa kuma shaida ce cikakkiya, daidai take da wadda mutum ya bayar da bakinsa a gaban alƙali.

Wannan ita ce dokar da ke rubuce. In kuwa kana tambayata ne ko za ka ga an tasa ƙeyarsa zuwa gidan yari, sai in ce maka abu ne da ba kasafai yake faruwa ba, kuma ya kamata ka san dalili, don kada ka ɓata ƙarfinka a inda ba zai yi amfani ba.

A shari'ar gwamnati, wanda ya san gaskiyar magana daban, wanda ya yi rantsuwa daban, wanda zai biya in an faɗi shari'a kuma daban. Koma ka buɗe takardar rantsuwar da ke hannun lauyanka, ka duba sunan da ke samanta. Sau da yawa ba za ka ga sunan daraktan da ya sa hannu a takardar korarka ba. Sunan wani ƙaramin ma'aikaci za ka gani, magatakardan sashen shari'a, wanda wataƙila bai taɓa ganin fuskarka ba. Zai rubuta cewa wane ne ya shaida masa kaza da kaza a ofis, ranar kaza da ƙarfe kaza, kuma ya gaskata shi. To wa za ka kama? Laifin shaidar zur sai an tabbatar mutum ya san abin da ya faɗa ƙarya ne, ko bai yarda gaskiya ba ne. Magatakarda zai ce shi an gaya masa ne. Wanda ya gaya masa zai ce shi ai bai yi rantsuwa ba. Lauyan gwamnati zai ce shi abin da ke cikin fayil ya bi. In kuma kotu ta yanke a biya ka diyya, daga baitulmali za ta fito, wato daga harajin da ni da kai muke biya, yayin da mutumin da ya ƙulla abin ya samu ƙarin girma ko ya yi ritaya da fanshonsa cur.

Sai kuma batun wanda zai gurfanar da shi. Sashe na 174 da na 211 na Kundin Tsarin Mulki sun ba Antoni Janar na tarayya da na jihohi ikon shigar da ƙarar laifi, da karɓe wadda wani ya shigar, da janye ta kafin a yanke hukunci. Shi wannan Antoni Janar ɗin shi ne minista ko kwamishinan shari'a, kuma galibi lauyoyin ofishinsa ne suka tsara takardar da kake kuka da ita. Hausawa na cewa ba a ba kura ajiyar nama. Ba ina nufin duk mai riƙe da ofishin mutumin banza ba ne, akwai masu mutunci ƙwarai a cikinsu. Tsarin ne ya sa mutum ɗaya ya zama mai kare ma'aikata kuma mai tuhumar ma'aikacinta, shi ya sa nake tare da masu cewa a raba kujerun biyu. Ko an kai ga gurfanarwar ma, Dokar Shaida ba ta yarda a kama mutum da shaidar zur bisa maganar mutum ɗaya tilo da ta saɓa wa rantsuwarsa ba, sai an sami abin da ya ƙarfafa ta. Ma'ana, "wallahi bai faru ba" ɗinka ita kaɗai ba za ta ɗaure kowa ba.

Za ka iya cewa to bari in kai shi ƙara shi kansa ya biya ni. Nan ma akwai shinge biyu. Na farko ƙa'ida ce da muka gada daga dokar Ingila, cewa ba a neman diyya daga shaida saboda abin da ya faɗa a kotu, ko da ƙarya ne, don kada tsoron ƙara ya hana mutane fitowa shaida. Sai dai kotun ƙoli ta Ingila ta wancan lokaci ta bayyana a shari'ar Darker ta shekarar 2000 cewa wannan kariya ba ta kai ga wanda ya zauna ya ƙirƙiri hujja ba. Wanda ya buga takardar tuhuma bayan an riga an kore ka, ya sa mata tsohon kwanan wata, ya cusa a fayil, ba shaida yake bayarwa ba, jabu yake haɗawa. Hukuncin Ingila ba dole ba ne a kan alƙalanmu, amma suna saurarensa. Shinge na biyu shi ne Dokar Kare Jami'an Gwamnati, wadda ta samo asali tun 1916, zamanin Turawa. Sashenta na 2 ya ce duk ƙarar da za a kai jami'i kan abin da ya yi a bakin aiki, a shigar da ita cikin wata uku, in ba haka ba ta mutu. A shari'ar Ibrahim da Hukumar Kula da Harkokin Shari'a ta Jihar Kaduna a 1998, Kotun Ƙoli ta ce har hukumomi ma suna cin moriyar wannan kariya, ba ɗaiɗaikun mutane kaɗai ba. Amma kotun ta kuma ce, a shari'ar Offoboche da Ƙaramar Hukumar Ogoja ta 2001, mugun nufi da amfani da ofis ba bisa ƙa'ida ba suna tuɓe wa jami'i wannan kariya. Nauyin nuna mugun nufin yana wuyanka.

A nan fiƙihunmu ya fi kai tsaye. Duk almajiri ya san hadisin da ke Buhari da Muslim, inda Annabi (SAW) yake lissafa manyan zunubai yana kishingiɗe, da ya zo kan shaidar zur sai ya tashi zaune yana ta maimaitawa. A Risala kuma an kawo maganar malaman Malikiyya cewa shaidan da ya janye bayan hukunci, ya amsa cewa zur ya yi, shi zai biya abin da shaidarsa ta salwantar. Asarar ana ɗora ta ne a kan bakin da ya furta ƙaryar. Wannan shi ne abin da shari'ar gwamnati ta rasa.

Kada kuma ka ɗauka ciwon Najeriya ne kaɗai. Misalin da ya fi kowanne nuna yadda abin yake a Birtaniya ya faru. Hukumar gidan waya ta ƙasar, wadda mallakin gwamnati ce ɗungurungum, ta kawo wata manhajar lissafi mai suna Horizon da kamfanin Fujitsu ya ƙera. Manhajar tana nuna giɓin kuɗi a asusun masu riƙe da ƙananan rassa, kuɗin da ba su ɓata ba. Tsakanin 1999 da 2015 an kama mutum fiye da 900 da laifin sata ko almundahana bisa lissafin wannan manhaja, mafi yawansu hukumar da kanta ta gurfanar da su. An ɗaure wasu, ciki har da mace mai juna biyu, wasu sun tsiyace, wasu sun kashe kansu. Duk tsawon lokacin, abin da ake gaya wa kotuna shi ne manhajar lafiyarta ƙalau. Alhali a 2013 wani lauyan da hukumar ta ɗauka ya rubuta mata shawara cewa ƙwararren da take gabatarwa a matsayin shaida ya san da kurakuran manhajar amma bai faɗa wa kotu ba. Shawarar ta zauna a ofis shekaru ba ta fito ba.

Mutum 555 ne suka haɗu suka kai ƙara a ƙarƙashin jagorancin Alan Bates. Hukumar ta yi duk abin da mai kuɗin gwamnati ke yi, har ta nemi alƙalin, Mai Shari'a Fraser, ya sauka daga shari'ar, aka ƙi. A Disamban 2019 ya yanke cewa manhajar cike take da kurakurai, ya kwatanta matsayin hukumar da na mai dagewa a wannan ƙarni cewa duniya a shimfiɗe take, ya kuma tura batun shaidar wasu ma'aikatan Fujitsu ga babban mai gabatar da ƙara. An yi sulhu a kan kusan fam miliyan 58, amma bayan an cire kuɗin shari'a kimanin miliyan 12 ne ya isa hannun masu ƙara. A Afrilun 2021 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke hukuncin mutum 39, sannan a Mayun 2024 majalisa ta yi doka ta musamman ta wanke mafi yawan sauran a dunƙule. To, har ranar da aka yi wannan doka, shekara huɗu da rabi bayan hukuncin Fraser, babu jami'i ko ɗaya da aka gurfanar. Abin da aka gani shi ne tsohuwar shugabar hukumar, Paula Vennells, ta mayar da lambar girmamawar da aka ba ta. Wannan fa a ƙasar da aka san ta da riƙon doka.

Abin da nake so ka ɗauka daga labarin shi ne abin da ya karya hukumar. Ba rantsuwar masu rassa ba ce, don sun shekara goma sha suna rantsuwa ba wanda ya saurare su. Takardun cikin gida ne, rajistar kurakuran da injiniyoyin kamfanin suke rubutawa da hannunsu, waɗanda kotu ta tilasta aka fito da su. Ƙaryar hukuma da takardar hukuma ake kama ta.

Mu ma a gida mun ga ɗaya fuskar abin a shari'ar kamfanin P&ID da Najeriya, inda gwamnati ce aka yi wa ƙaryar da taimakon nata. Kwangilar gas ta 2010 ta haifar da hukuncin 2017 cewa Najeriya ta biya kamfanin dala biliyan 6.6, kuɗin ruwa ya kai shi sama da biliyan 11, sai a ƙarshen 2023 Mai Shari'a Knowles a Landan ya rushe shi, bayan ya gano an ba wata babbar jami'ar sashen shari'a ta Ma'aikatar Man Fetur cin hanci, an gabatar da shaidar ƙarya, kuma takardun sirrin lauyoyin Najeriya suna ta zurarewa zuwa hannun abokan hamayya. Can ma takardun banki da saƙonnin da aka tilasta fitarwa ne suka tona asiri.

Saboda haka, Malam, aikin yanzu ne, tun shari'ar tana gaban alƙali, ba bayan an gama ba. Abu na farko, lauyanka ya mayar da martani a rubuce, ya musanta kowace magana ɗaya bayan ɗaya, domin a ƙa'idar kotunanmu maganar da ke cikin takardar rantsuwa in ba a musanta ta ba, ana ɗaukar an amince da ita. Ya kuma auna takardar tasu da sashe na 115 na Dokar Shaida ta 2011, wanda ya wajabta wa mai rantsuwa da labarin wani ya ambaci sunan wanda ya gaya masa, da wuri, da lokaci, da yanayin da aka yi maganar. In bai ambata ba, a nemi kotu ta yi watsi da waɗannan sakin layi. In ya ambata, to ka samu sunan da kake nema, sai a nemi sammaci a kawo mai sunan ya tsaya a akwatin shaida. Tun shari'ar Falobi da Falobi ta 1976 Kotun Ƙoli ta ce in takardun rantsuwa biyu suka yi karo a kan muhimmin batu, alƙali ba zai zaɓi ɗaya haka kawai ba, sai ya saurari shaidar baki, sai fa in akwai takardun da suka warware saɓanin. Mutum yana iya aika yaronsa ya sa hannu a takarda hankalinsa kwance. Tsayawa gaban alƙali ana yi masa tambayoyin ƙure wani abu ne daban, kuma na sha ganin magana ta canja a wannan tsayuwar.

Sannan a nemi sammacin kawo takardu. Takardar tuhuma ba ta tafiya ita kaɗai a ofishin gwamnati. Akwai littafin aika wasiƙu inda mai karɓa ke sa hannu. Akwai lambar wasiƙa da ke bin jerin na gabanta da na bayanta. Shafukan fayil suna da lamba a jere, wanda aka cusa daga baya yakan zo da lamba mai ƙarin harafi ko ya rikita jerin. Kwamitin ladabtarwa yana da takardar kafa shi, da takardar gayyata, da rajistar mahalarta, da bayanin zama, wani lokaci har da takardar biyan alawus ɗin zama. Wanda zai ƙirƙiri zaman da ba a yi ba sai ya ƙirƙiri duk waɗannan, ya kuma sami mutum huɗu ko biyar da za su yarda su shiga wuta tare da shi. Ba kasafai ake samun haka ba. Su ne suka ce sun ba ka takarda, don haka su za su nuna shaidar karɓarka. In kuma suka ƙi kawo fayil, sashe na 167(d) ya ba kotu damar ɗauka cewa abin da aka ɓoye, da an kawo shi, da ya kayar da mai ɓoyewar. Haka kuma Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba ka wata ƙofar: kwana bakwai gare su su amsa, kuma dokar ta mayar da lalata ko canja takarda da gangan laifin da ke jawo ɗaurin aƙalla shekara ɗaya.

Ga wani gargaɗi da masu ƙara ba su son ji. Kada zafin rai ya sa ka cika takardunka da kalmar jabu da zamba. Sashe na 135 na Dokar Shaida ya ce in aka yi zargin aikata laifi a cikin shari'ar da ba ta laifi ba, kuma zargin ya zama ginshiƙin shari'ar, sai an tabbatar da shi ba tare da wani kokwanto ba, kamar a kotun laifi. Kai abin da kake buƙata don ka ci shari'arka shi ne kotu ta yarda ba a saurare ka ba kafin a kore ka, wanda ya saɓa wa sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulki da ƙa'idojin aikin gwamnati. Wannan nauyi ne mai sauƙi. Kada ka ɗora wa kanka mai nauyin da hannunka. Ka kuma bar wa zuciyarka ƙofar cewa wani lokaci sakaci ne ba makirci ba: an rubuta takardar, an ba masinja, ta kwana a aljihun teburinsa, wanda ya yi rantsuwa kuma ya ga kwafi a fayil ya ɗauka ta isa. Tambayoyin ƙure ne za su bambance maka.

In ƙaryar ta fito fili, lauyanka ya roƙi alƙali a jawabinsa na ƙarshe ya rubuta a cikin hukunci, da suna, cewa wane ya faɗi abin da ya san ba gaskiya ba ne, ya kuma tura batun ga 'yan sanda ko Antoni Janar. Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015 ma ta tanadi hanyar da kotu za ta bi da wanda ya yi zur a gabanta, duk da cewa alƙalai suna ɗari-ɗari da amfani da ita. Wannan layi guda a cikin hukunci ya fi maka dogon ƙorafi amfani. Da kwafinsa mai hatimin kotu za ka je hukumar kula da ma'aikata, domin a ƙa'idojin aikin gwamnati canja bayanan ofis babban laifi ne da ke kai ga kora. Da shi za ka je hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC. Da shi za ka je Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata, wadda kotunta ke da ikon sauke mutum daga muƙami da hana shi riƙe wani har shekara 10. In akwai hujjar cewa lauyan ya san ƙarya ce ya shigar, kwamitin ladabtar da lauyoyi yana iya soke sunansa daga rajista, kuma lauyoyi suna tsoron wannan fiye da tara. Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, wadda marigayi Maitama Sule ya fara shugabanta, ba ta taɓa maganar da ke gaban kotu, don haka kada ka ɓata takalminka zuwa can yanzu.

Ka shirya wa abin da ke bayan nasara ma. Sashe na 84 na dokar zartar da hukuncin kotu ya ce kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati ba a kama shi sai da yardar Antoni Janar, shi ya sa mutane da yawa suke riƙe da hukunci ba su riƙe da kuɗi. Ga wanda ya ƙi bin umarnin mayar da ma'aikaci aiki kuwa akwai tuhumar raina kotu, kuma tana ciwo. A Nuwamban 2022 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yanke wa Sufeto Janar na 'yan sanda na lokacin, Usman Alkali Baba, ɗaurin wata uku saboda rashin bin hukuncin 2011 kan wani ɗan sanda da aka yi wa ritayar dole tun 1992. Bai kwana a kurkuku ba, kotun ta janye umarnin bayan 'yan makonni, amma dai sunansa ya shiga takardar ɗauri.

In kana da niyyar kai jami'in ƙara shi kansa, ka tuna da wata ukun nan. Kotuna sun yi ta kai-kawo kan ko dokar ta shafi shari'ar aiki, don haka kada ka jingina da wata fassara da za ta iya juyewa. Ka zauna da lauyanka a makon nan, ku lissafa daga ranar da aka shigar da takardar rantsuwar, ku kuma karɓi kwafinta mai hatimi daga rajistar kotu kafin a zo da wata a ce gyara aka yi.